Sirdin Gida Ko Na Turawa: Wanne Za Ka Ɗaura In Tafiyar Ta Yi Nisa?

Da kaka ta ƙarato samarin unguwarmu suka fara shirin hawa daga Sakkwato zuwa Sifawa, su kwana can su dawo. Su bakwai ne, biyar suna da dawakinsu, biyu za su ara. Gardamar da ta hana su barci ba ta hanya ba ce, ba kuma ta guzuri ba, ta sirdi ce. Wasu sun ce na gida, wanda kakanni suka ci ƙasa a kansa. Wasu sun ce wannan zamani ya wuce, na Turawa ya fi sauƙi ga doki da mai doki. Da suka kawo mini maganar sai na ce su zauna, don na taɓa yin wannan tafiyar da kowane ɗaya daga cikin biyun, kuma ɗaya daga ciki ta bar mini abin tunawa.

Abin da ya kamata a fara rabewa shi ne, hawan salla daban, tafiya daban. A hawan salla doki yana ƙarƙashinka awa biyu ko uku, rabin lokacin ma a tsaye ake ana jiran fitowar Sarkin Musulmi, ga zagi a gabanka, ga gida kusa. Komai munin zaman sirdi doki zai jure. Amma daga cikin gari zuwa Boɗinga kilomita ashirin da biyar ne ko kusa da haka, Sifawa kuma na maƙwabtaka da ita. Doki in yana tafiya da ƙafa ba sassarfa yakan ci kamar kilomita shida a awa ɗaya. Ka ga kenan awa huɗu da wani abu yana ɗauke da kai, ban da tsayawa. A irin wannan ne ƙaramin aibi yake girma. Kullin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba a ƙarƙashin sirdi, in ya goga sau dubu goma, ya zama miki.

Bari in fara da na gida, tunda shi na fara sani. Ƙashinsa itace ne, baduku ya lulluɓe da fata, ga kwacciyar gaba da ta baya sun tashi sama sun sa mahayi a tsakiya kamar an ajiye shi cikin turmi. Ba don ado aka yi shi haka ba. Mutanen da suka yi ta kai da kawowa tsakanin Sifawa, inda Shehu ya zauna kafin ya komo Sakkwato a 1815, da Boɗinga inda ƙanensa Abdullahi yake, da Wurno ta Muhammadu Bello, suna buƙatar abin da zai riƙe mutum ko da hannunsa biyu na aiki, ko da gyangyaɗi ya ɗauke shi. Wannan riƙon har yau yana nan. Doki ya zabura saboda babur ya fito daga kwana, ko jaki ya yi kuka a bayan gamba, wanda bai ƙware ba yana da inda zai dafe. Na biyu, katakon da ke kwanciya a gefen gadon baya yana da faɗi da tsawo, saboda haka nauyin mutum yana bazuwa a wuri mai yawa, in dai sirdin ya zauna daidai. Na uku, akwai wurin ɗaure-ɗaure. Gora, igiya, 'yar jaka, duk za ka sami inda za ka rataya.

Aibinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Yana da nauyi, musamman in an bar masa jalala da sauran kayan ƙawa da manyan likkafu irin na hawan salla. Yana riƙe zafi. Kuma itace ba ya lanƙwasa don ya bi bayan doki. In an sassaƙa shi don ingarma mai faɗin baya ka ɗora wa siriri, zai sauko ya zauna a kan tudun kafaɗa, daidai inda geza ta ƙare. In kuma matsattse ne ka ɗora wa mai faɗi, zai tsunkule shi ta gefe biyu. Ceton sirdin gida yana wurin huhu, wato matasan nan da ake sa masa a ƙasa, da zubkar da ake shimfiɗawa kafin a ɗora shi. Huhun da ya shekara uku ba a kwance an sake cusa shi ba ya riga ya dunƙule, wani wuri tudu wani wuri rami. Sannan ga mahayi, in doki ya kama sassarfa, kwacciyar baya tana dukan ƙugu, ba ka da filin tashi da zama. Sirdin tafiya da ƙafa ne da taƙama da sukuwa, ba na doguwar sassarfa ba.

Na Turawa, irin na 'yan ƙwallon doki da 'yan tsere, kusan kishiyar wannan ne ta kowace fuska. Ba shi da nauyi, da hannu ɗaya za ka ɗauke shi ka ɗora. Ƙafarka tana jin jikin doki, shi ma yana jin taka, ba sai ka yi ta zungura ba. Iska tana ratsawa ta ramin da ke tsakiyarsa, kuma ramin nan yana ɗauke nauyi daga ƙashin baya. In ka iya tashi da zama a sassarfa za ka ci ƙasa da sauri, don sassarfa ta ninka tafiyar ƙafa. Sai dai ba ya riƙe kowa. Kai ne za ka riƙe kanka da cinya da daidaiton zama, kuma bayan awa uku, lokacin da cinyar ta gaji, mutum ya fara zamewa gefe guda ko ya zube a baya kamar buhun gero, duk nauyinsa yana taruwa a ɗan ƙaramin wuri. Shimfiɗarsa a kan doki ba ta kai ta na gida faɗi ba, shi ya sa mahayi mai jiki yake fi cutar da doki a kansa. Wurin rataye kuma 'yan zobba ne ƙanana, waɗanda ba a yi su don kaya ba.

Akwai kuma abin da 'yan kasuwa ba za su gaya maka ba. Sirdin Turawa iri biyu ne a hannunmu. Akwai na ƙwarai, galibi tsoho ne da ya fito daga bargar masu ƙwallon doki, fatarsa ta yi baƙi don shan mai amma ƙashinsa lafiya lau. Akwai kuma sabo fil mai sheƙi, mai araha, wanda ƙashinsa tun daga inda aka ƙera shi a karkace yake. Da irin wannan na biyun na yi tafiyata ta farko.

Aro na yi daga wani abokina, don in burge. Akawal ɗina, wato baƙin dokina, a lokacin bai daɗe da zuwa hannuna ba, ɗan Arewa ne, siriri, mai tudun kafaɗa. Mun fita bayan sallar asuba, muka bar kwalta tun kafin mu kai filin jirgi, muka bi hanyar ƙasa. Wajen awa biyu da tashi na lura yana kwantar da kunne duk lokacin da muka gangara, yana kaɗa wutsiya ba ƙuda. Na ɗauka halin ingarma ne. Da muka sauka na cire sirdi, sai ga bayansa jiƙe sharkaf da gumi, ban da wuri biyu a gefen kafaɗa, kowane kamar faɗin bakin kofin shayi, a bushe ƙayau. Na ma yi murna, wai nan bai yi gumi ba. Wani dattijo da ya yi shekaru yana kiwon dawakin hakimi ya zo ya ɗora tafin hannu a wurin, doki ya noƙe. Ya dube ni ya ce, "Yaro, wanga wuri da kag gani busasshe, nan na sirdi yad danne har jini bai kai ba. Gobe kak ka hau shi." Na ce, "Baba, ai babu ciwo." Ya ce in jira safiya. Da gari ya waye wuri biyun sun kumbura sun yi zafi, na hagu har ya saluɓe. A ƙasa na dawo ina janye da shi rabin hanya, sauran rabin ƙanena ya zo ya karɓe ni. Sati biyar ban hau shi ba, kuma da gashin ya sake fitowa fari ya fito. Har ya bar hannuna tabon nan biyu farare suna nan a baƙin bayansa, kowa ya zo saye sai ya nuna su. Araha dai ba ta ado.

Ba ina nufin laifin na Turawa ba ne. Na ga sirdin gida ya yi ɓarnar da ta fi wannan. Abin da na koya shi ne yadda ake gwada kowannensu, kuma gwajin ɗaya ne. Ka ɗora sirdi a bayan doki ba shimfiɗa, ba ka ja majayi ba, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikin doki, ka tsaya ta baya ka duba ko ya miƙe ko ya karkata. Ka zura hannu ta ƙarƙashinsa daga gaba zuwa baya, ka ji ko matsin ɗaya ne ko akwai inda ya cije da inda ya bar rami. Sannan ka shimfiɗa, ka ɗaure, ka hau, wani ya zura yatsu tsakanin kwacciyar gaba da tudun kafaɗa. In yatsu biyu zuwa uku ba su shiga a tsaye ba alhali kana zaune, wannan sirdin ba na dokin nan ba ne, komai kyansa. Ka yi kilisar awa ɗaya, ka sauke, ka karanta gumi. Gumi ya jiƙa ko'ina daidai, alhamdu lillahi. Ka ga tsibirin bushewa ko gashi ya murɗe, a sake lale.

To, in duka biyun sun ci gwaji, wanne? Ni dai ga wanda hawansa bai wuce na salla da angwanci ba, ko mai jiki, ko wanda zai yi tafiyar duka ba sassarfa cikin ayari, na gida zan ba shi, amma a tuɓe. A cire jalala, a cire duk abin da ke lilo, a kai huhu wurin baduku ya sake cusawa tun da sauran sati biyu ko uku, don ya kwanta kafin ranar. A sauya manyan likkafu da ƙanana marasa nauyi, maƙeran Assada za su ƙera maka ko su gyara wanda kake da shi. Wanda kuwa yake hawa kusan kullum, marar nauyi, mai son ya haɗa da sassarfa, kuma ya sami na Turawa na ƙwarai, ya ɗauka, dokinsa zai isa da sauran ƙarfi fiye da na kowa. Wanda zai ari doki ya ari sirdin da dokin ya saba da shi, ko da bai yi masa kyau a hoto ba. Kada ka haɗa baƙon doki da baƙon sirdi da baƙon mahayi rana ɗaya.

Shimfiɗa kuwa, kowane ka zaɓa, ta zama mai shan gumi, auduga ko ulu. Bargon roba da soson katifa suna dafa baya. Kuma da kaka ƙarangiya ta bushe, tana bin komai. Duk inda kuka tsaya aka sauke shimfiɗa, kada a ajiye ta ƙasa, a rataya a reshe, kafin a mayar kuma a bi ta da tafin hannu ciki da waje. Ƙarangiya ɗaya tak ta isa ta mayar da lafiyayyen doki mahaukaci. In an shimfiɗa, a ɗan ɗaga tsakiyarta ta shige ramin sirdi, kada ta ɗame a kan kafaɗa. Majayi kuma ba a ja shi gaba ɗaya. A ja kaɗan, a zaga da doki, a ƙara, bayan kamar minti goma sha biyar da tashi a sake dubawa, don doki yakan kumbura ciki lokacin ɗauri.

Maganar linzami ta fi ta sirdi zafi a wurina, kuma a nan ba na raba gardama biyu. Linzamin gida, mai harshen ƙarfe da ke tokarar ganɗa da zoben da ke zagaye haɓa, an yi shi ne don tsayawa nan take. Shi ne ke ba da zamiyar nan da ake yi a gaban sarki, doki na cikin sukuwa a ja shi ya zauna a kan ƙafafun baya. A hannun gwani, wanda ke sakin kamazuru, wato igiyar linzami, yana magana da ɗan yatsa, ba ya cutarwa. A hannun wanda ya gaji, ya mayar da kamazuru abin dafawa, awa huɗu ana niƙa bakin dabba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan fage ranar salla ya ga kumfa mai ja a bakin wasu dawakin. Dokin da bakinsa ya fashe ba ya cin harawa da daddare, wanda bai ci ba kuwa ba shi da abin da zai dawo da kai gida. Na Turawa mai gaɓa a tsakiya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, doki yana iya shan ruwa da tsinkar ciyawa da shi a baki. Amma fa dokin da aka hore da na gida tun yana duƙushi, in ka sa masa mai sauƙi yau ka fita da shi daji gobe cikin ingarmu bakwai, ba zai ji ka ba. Sauyin yana son makonni a fili mai shinge. In lokaci ya ƙure ka bar masa wanda ya sani, ka koyi sakin hannu. Kowanne ka sa, ka bar ragama, wato maɗaurin kai marar ƙarfe a baki, a ƙarƙashinsa da igiyarta a naɗe a wuya, don da an tsaya a zare linzami a ɗaure da ragama. Ba a ɗaure doki a itace da kamazuru. In ya fizga, ko fata ta tsinke ko baki ya yage.

Sai kaya. A nan ne lissafi yake kashe gardama. Masana doki sukan ce kada abin da ke bayansa, mutum da sirdi da komai, ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa in tafiya mai nisa ce. In kana son sanin nauyin naka ba sikeli, ka ari awon tela. Ka auna zagayen ƙirji ta inda majayi ke bi, ka auna tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Ka ninka zagayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Dokin da zagayensa 160 ne tsawonsa 140 zai ba ka kilo ɗari uku da 'yan kai. Kashi ɗaya cikin biyar na wannan kilo sittin ne. Yawancinmu mu kaɗai, ko takalmi ba mu sa ba, mun cinye wannan. Gaskiya ne dawakinmu na Arewa suna da jimiri, suna ɗaukar fiye da haka ba su ce uffan ba, amma wannan dalili ne na tausaya musu, ba na ƙara musu buhu ba.

Yanzu ka kawo ruwa. Doki yakan sha lita ashirin da biyar zuwa hamsin a yini, in ana zafi yana aiki ya fi haka. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Wato ruwan yininsa jarka ɗaya zuwa biyu ne irin na 'yan garuwa. Ka ga maganar wai a ɗora wa doki ruwan shansa ba ta ma taso ba. Zaɓin da ke gabanku biyu ne. Ko ku tsara hanya ta bi ta garuruwa masu rijiya ko famfo, ku tafi da guga da igiya da bokitin roba mai naɗewa, ko ku sami mai babur ko mai a-kori-kura ya riga ku da jarkoki da harawa da dusa da tabarmi da tukunya, ku haɗu a wuraren da kuka yanka. Na farko ya fi daɗin labari, ya fi kama da tafiyar mutanen da. Na biyu ya fi hankali, musamman ga ayarin da ya wuce mutum uku, don ba kowane ƙauye zai ji daɗin ganin dawaki bakwai sun kewaye rijiyar da mata ke layi a kanta ba. Akwai kuma dawakin da ba sa shan baƙon ruwa sai ƙishi ya kai su maƙura, ruwan gida a jarka yana maganin wannan. Bokiti kuma kowa da nasa, kada a haɗa baki da dabbobin da ba a san lafiyarsu ba a kwamin mashaya.

Abin da zai zauna a jikin doki kaɗan ne, kuma a raba shi gida biyu daidai, hagu da dama, a ɗaure tamau kada ya riƙa dukan ciki. Ruwan shanka, ko a gora ko a 'yar salka, wadda ta fi roba sanyaya ruwa in akwai iska. Igiyar talala da abin dabaibayi. Ɗan ƙarfen sakace kofato. Wuƙa. Guntun igiya da tsinken fata, don majayi ko maɗaurin likkafa ba sa sallama kafin su tsinke. Aidin da auduga da bandeji. Dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi. Waya kuwa da 'yan kuɗi a aljihunka za su zauna, ba a jakar sirdi ba. In doki ya kayar da kai ya ruga, kada ya tafi da abin da za ka kira taimako da shi.

Tsofaffi sukan ce kada a ba doki ruwa yana cikin gumi. Likitocin dabbobi na yanzu sun sassauta wannan, sun ce a bar shi ya sha duk inda aka sami ruwa a hanya, hana shi ne ya fi haɗari. Abin da ba a so shi ne a cika masa ciki da gero ko dawa dab da tashi, ko da saukowa jikinsa bai huce ba. Tumbin doki ƙarami ne in aka kwatanta da girmansa, kuma ba ya amai, abin da ya shiga ya shiga, shi ya sa ciwon ciki ke kashe shi. Harawa da safe, harawa a zango, hatsi sai dare. Kada kuma a sauya masa abinci a kan hanya, wanda ya saba ci a barga shi za a kai masa. Kanwa da muka gada tana da gurbinta a gida, amma abin da gumi ke fitarwa gishiri ne, kuma kanwa ba ta maye shi. Cokali ɗaya ko biyu na gishirin miya a cikin jiƙaƙƙiyar dusa ya fi amfani a ranar tafiya. In kana shakkar ko ya bushe, ka tsunkuli fatar wuyansa ka saki. Ta koma nan da nan, lafiya. Ta tsaya kamar tanti, ku nemi inuwa da ruwa, tafiya ta dakata. Haka in kun huta minti ashirin numfashinsa bai lafa ba.

Na kanka kuma, gardamar malafa ce da hular kwano. Malafa ta fi inuwa, babu tantama, rawani kuma yana tare ƙurar hunturu a hanci da baki. Amma babu ɗayansu da zai tsaya tsakanin ƙoƙon kanka da marmara. Na san samari za su ce hular kwano ta ɓata hoto. Ni tun da na ga wani ya faɗo a kan tsakuwa daga dokin da ko gudu ba ya yi, tuntuɓe kawai ya yi, nake sawa, in naɗa ƙyalle a wuya da fuska. Takalmi ya zama rufaffe mai 'yar dunduniya, don kada ƙafa ta zarce cikin likkafa. Silifa ba ta hawa ba ce. Wando mai kauri marar ɗinki a cikin cinya, babbar riga kuma a bar ta a jakar mai babur, a sa in an isa za a gaida hakimi.

Lokaci ba ya buƙatar dogon zance. Daga ƙarshen kaka zuwa cikin hunturu, Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, shi ne naku. An kawar da amfanin gona, harawa ta yi araha, safiya da sanyi. Bazarar Sakkwato, Maris zuwa Mayu, zafi na haura digiri arba'in, wanda ya fitar da doki doguwar tafiya a Afrilu ba ya ƙaunarsa. Damina kuwa hanyoyi sun shige gonaki, ba ka da wurin bi sai burtali, ga ƙudan cizo da ƙananan ƙwarin magariba masu ɗauke da cutar dawaki.

Hanya ma a yanzu ba a zaɓenta don kyau kawai. Da so samu ne, kowa zai so ya bi fadamar Rima ya nufi Wurno ya ziyarci hubbaren Bello. Amma gabashin jihar, su Isa da Sabon Birni da Raba da Goronyo har Wurno ɗin kanta, sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, kuma ayarin dawaki abu ne da ake hangowa daga nesa. Ko kudun da samarin nan suka zaɓa, sai an tambaya a satin tafiyar, ba labarin bara ba. A aika wa mai garin da za a sauka tun da wuri, a bar wa na gida sunayen garuruwan da za a ratsa, kada magariba ta riske ku a daji. Kwalta kuma a guje ta iya iyawa. Dawakinmu ba takalmin ƙarfe suke sawa ba, rairayi ne abokin kofatonsu, tsakuwa tana cinye shi, kwalta kuma ga santsi ga manyan motoci. In za a yanke kofato a yanke da sauran sati guda ko fiye, ba jajibiri ba.

Abin da na fi nanata wa samarin nan ma ba kaya ba ne. Dawakinsu huɗu cikin biyar tun babbar salla suke a turke, suna cin dusa suna tara teɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na ce su ba ni sati shida, kilisa sau huɗu a mako, a fara da rabin awa a kai awa biyu, da sirdin da za a yi tafiyar da shi da jakunkunan a rataye, don bayan doki ya saba kuma aibin kaya ya fito tun ana kusa da gida. A cikin makonnin nan ne za a kai su wurin likita, ko a asibitin dabbobi na jami'ar Ɗanfodiyo ko wanda ya fi kusa, a ba da maganin tsutsa, a yi maganar allurar sarƙe-haƙora, don doki na cikin dabbobin da wannan cutar ta fi kamawa, kuma ƙaya ɗaya a kofato ta isa. A nan ne kuma za a gane wane ingarma ne ba ya shiri da wane, a san wa zai shige gaba wa zai tsaya baya, da tazarar da za a bari tsakani. Ɗaya daga cikin masu aro goɗiya aka yi masa alkawari. Na ce ko ya nemi wani dokin, ko ya hau a-kori-kura tare da jarkoki.

Sun tsayar da Asabar ta biyu ga watan da za su tashi. Huɗu za su ɗaura na gida a tuɓe, biyu na Turawa, na bakwai har yanzu yana neman doki. Na ce musu in sun hango garin su sauka, su sassauta majayi, su ja dawakin a ƙasa kilomita na ƙarshe, kuma kafin kowa ya nemi ruwan alwala ya cire sirdi ya duba gumi.